Kwanan tanti a bakin tafki a Sikotlan: in bi su ko in yi zamana?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙasar nan, don baƙo ko da ido makaho ne.

Yau kwanana goma sha ɗaya a Gilasgo wajen ƙanena. Karatu ya kawo shi, ya zarce da aiki a gidan kula da tsofaffi. Matarsa ce ta kammala digiri na biyu, shi ne suka matsa sai na zo biki. Bizar ziyara ce, ƙarshen wata zan koma in ci gaba da zaman shagona a Kwari.

Ba zan ɓoye muku ba, zaman ya fara isata. Shi aikin dare yake yi, ya shigo da safe ido jawur, mu gaisa a tsaitsaye ya faɗa gado. Matar ta fice, yara su tafi inda ake kai su, a bar ni da talabijin da firij. Ni da na saba da an yi la'asar mu baje tabarma a ƙofar gida, a kawo rake, a yi musun ƙwallo da siyasa har a kira magariba. Nan in na leƙa taga ba na ganin kowa sai wata tsohuwa da karenta. Har na haddace ranar da motar shara take zuwa, ina jiranta kamar baƙo.

To jiya abokansa suka zo, su huɗu: ɗaya ɗan Fagge, ɗaya ɗan Jos, ɗaya ɗan Maraɗi, sai wani Basudane da suke aiki tare. Wai sun haɗa hutunsu da ƙyar ya faɗo lokaci ɗaya, za su tafi wani tafki da ake kira Loch Lomond ranar Juma'a ta sama, su kafa tanti su kwana biyu, a gasa nama a yi hira. Suka ce da ni za a. Na yi dariya na ce to, amma cikina ya ɗuri ruwa. Iyakar sanina da tanti shi ne na Mina, shi ma a kafe na tarar da shi, da na'urar sanyaya wuri.

Abin da nake son sani: doka ta yarda mutum ya je daji haka kawai ya kwana? Ba na son abin da zai ɓata min fasfo. Sanyi fa? Su suna cewa bazara ce, ni kuwa da suwaita nake kwana a cikin ɗaki. Sai sallah, wadda ita ta fi damuna: tun da na zo rana ba ta faɗuwa sai goma saura, kuma sha ɗaya ta wuce sama ba ta gama duhu ba. A gari ina bin jadawalin masallaci, a daji fa? Za mu yi ƙasaru? Kuma namun daji, akwai abin da ke cin mutum?

Wanda ya taɓa yi ya taimaka. Na gode.

Baba Mai Goro:

Wa alaikumus salam. Yaro, ka biya kuɗin jirgi tun daga Kano har ƙasar Turawa don ka je ka kwana a ƙasa? Da ka faɗa min da na tura ka gonarmu ta Gezawa, ka kwana kyauta har da fura. Mu mun sha wahala mun bar ɗakin kara mun shiga na siminti, su kuma sun ƙoshi suna komawa daji suna kiran abin hutu. Ka yi zamanka a ɗaki ka ja carbi, kwana nawa ne ya rage.

Injiniyan Abadin:

Baba, a yi mana afuwa, mu da muke nan mun san abin da ke kai mutum dajin. Malam Ɗan Kurna, ka bi su. Shekarata tara a Sikotlan, na kwana a bakin tafkin nan ya fi sau biyar.

Batun doka, hankalinka ya kwanta. Sikotlan ta bambanta da Ingila a nan. Tun 2003 suka yi dokar da ta ba kowa damar ratsa fili da daji, har ya kafa ƙaramin tanti ya kwana biyu ko uku, muddin bai shiga gonar da aka shuka ko harabar gidan wani ba, kuma ya kwashe shararsa. A Ingila kuwa sai da izinin mai ƙasa, in ban da wani yanki na Dartmoor. Sai dai Loch Lomond ɗin da za ku yana da nasa sharaɗin. Saboda kusancinsa da Gilasgo mutane suka riƙa cika bakin ruwan suna barin kwalabe da tantunan da suka yage, suna sare itatuwa. Shi ne daga 2017 hukumar gandun dajin da tafkin yake ciki ta ware wasu yankuna, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba ba a kwana a cikinsu sai a sansanin da aka tanada ko da takardar izini. A intanet ake saye, kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma wuraren suna cika da wuri. Ka tambayi abokan nan ko sun kama wuri, kada ka yarda da "ai za mu samu". Ma'aikatan gandun suna zagayawa, tarar tana iya kai wa fam 500. Itace ma ba a tsinta, ko wanda ya faɗo da kansa. Ku tafi da gawayinku da abin gashi mai ƙafa wanda ba zai ƙona ciyawa ba.

Sanyi akwai shi. Da rana a watan Yuli za ka ga digiri 18 ko 19, da dare ya sauko wajen 10, a bakin ruwa kuma ya fi haka ratsa jiki. Ka ɗauka tsakiyar hunturun Kano ne, sai dai da danshi. Abin da sabon zuwa ba ya ganewa shi ne ba daga sama sanyin yake kama mutum ba, ƙasa ce take zuƙe ɗumin jiki. Ko ka shiga bargon nan mai zif da ake shiga kamar buhu, in ba ka shimfiɗa katifar roba a ƙarƙashi ba, ba za ka runtsa ba. Safa biyu, hular sanyi, rigar ruwa. Kayan da za ka kwana da su ka ƙulle su a leda daban, kada ka taɓa su sai dare.

Namun daji ba abin da zai ci ka. Ba kura, ba zaki, kyarkeci ma ɗaruruwan shekaru ke nan da ƙarewarsa a ƙasar. Barewa ce da tumaki da wasu shanu masu gashi har ido. Abin da zai ci ka ɗan mitsitsi ne, bai kai ƙwayar gero ba, suna ce masa mij. Ba ya kuka kamar sauro, ba ya sa zazzaɓi, amma dubbai suke zuwa, su shiga gashi da kunne da hanci. Yuli da Agusta ne kakarsu. Suna son inuwa da danshi da wurin da iska ba ta kaɗawa, sun fi fitowa da asuba da kuma faɗuwar rana. Iska kaɗan ta kaɗa sai su ɓace. Don haka ku kafa tanti a fili inda iska ke bugawa, kada ku shige ƙarƙashin bishiyoyi. Ka sayi man shafawa, akwai wani Smidge da kowane kantin kayan daji yake sayarwa, da ragar da ake rufe kai da ita. Ka tabbata ta mij ce, ramukan gidan sauronmu sun yi musu faɗi, ta ciki suke wucewa. Akwai kaska kuma a cikin dogayen ciyayi, tana iya sa wata cuta da ake kira Laim. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, da dare ka duba bayan gwiwa da hammata.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe. Kada ka shiga ruwan nan. Ko da rana ta take, ko ka ga yaran Turawa suna tsalle a ciki. Tafkin ya kai zurfin mita 190 a can arewacinsa, bakinsa kuma yaudara ne, taku uku kana kan tsakuwa, na huɗu babu ƙasa. Sanyin ruwan yana ɗauke numfashi ko ga gwanin iyo. A Yulin 2021 mutum huɗu suka rasu a cikinsa cikin kwana biyu, har da uwa da ɗanta. Ka ɗebi na alwala a buta daga gefe, shi ke nan. In wani abu ya faru lambar neman agajin gaggawa ita ce 999.

Almajirin Zazzau:

Allah ya saka wa Injiniya. Ni ɓangaren sallah zan ɗan taɓa, gwargwadon abin da muka karanta a zaure da abin da na gani a shekarun da na yi a Lidis.

Da farko alƙibla. Mu a gida mun saba cewa "gabas" har kalmar ta zama sunan alƙibla a bakinmu. A Sikotlan in ka fuskanci gabas sak ka kauce, Makka tana kudu maso gabas da ku. Kuma kada ka ce za ka gane da fitowar rana, don a wannan lokacin daga arewa maso gabas take ɓullowa. Ka duba a waya tun kana da sabis, ka sa alama da wani dutse ko tsibiri.

Ƙasaru kuwa, ban ga hanyarta ba. A Risala tafiyar ƙasaru burudi huɗu ce, wato mil 48, kusan kilomita 80. Kai kuma ka riga ka yi niyyar zaman fiye da kwana huɗu a Gilasgo, ka zama mazauni. Daga Gilasgo zuwa Balmaha, ƙauyen da ke bakin tafkin, bai fi mil ashirin da 'yan kai ba. Sai ku cika sallarku. Da can Fort William za ku, da sai a yi wata magana.

Isha da asuba su ne masu wuya, kuma ba kai kaɗai abin ya dama ba. A wannan yanki, daga watan Mayu zuwa farkon Agusta hasken rana ba ya gama ɓacewa daga sama, shafaƙin yamma yana nan har ya haɗe da hasken alfijir. Malamai sun dogara da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ranar da tsawonta zai kai shekara, ko sallar yini ɗaya ta wadatar, ya ce a'a, a ƙaddara mata. To wajen ƙaddarawar ne aka rabu. Wasu suna raba dare kashi bakwai, isha ta shiga bayan kashin farko, asuba a farkon na ƙarshe. Wasu suna ƙara wani adadin mintuna bayan magariba. Wasu suna bin gari mafi kusa da dare yake cika. Shi ya sa za ka ga masallatai biyu a unguwa ɗaya da jadawali daban. Shawarata, ka ɗauki hoton jadawalin masallacin da kake bi, ku tsaya a kansa ku duka, tafkin bai yi nisan da lokaci zai canza ba. Abin da ba na so shi ne ku zauna a daji kuna musu, wannan ya ce wayarsa ta ce kaza, wancan ya ce tasa ta ce kaza. Na ga inda irin wannan musun ya kai har hantsi ba a yi asubar ba.

Ku yi Juma'a kafin ku fita. Azahar ba ta shiga sai ɗaya da kusan rabi, kuma rana tana nan har dare, ba abin da zai tsere muku.

Maman Biyu (Damagaram/Jamus):

Sannunku da hira. Baba Mai Goro ya ba ni dariya, haka mahaifiyata ta ce da na aika mata hotonmu a tanti: "Wa ya kore ku daga gida?"

Mu a Jamus ba a yarda ka kafa tanti inda ka ga dama ba, sai a sansani, kuma kowane sansani da dokar shiru daga ƙarfe goma na dare. Zuwanmu na farko bakin kogin Mosel mu iyali uku ne, hira ta yi daɗi, ana ba da labarin wani biki a Zinder ana shewa. Sai ga wani dattijo da tocila, cikin ladabi ya nuna mana agogon hannunsa, bai ce uffan ba ya juya. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Tanti ba bango ba ne, Malam, ko raɗa ka yi na kusa yana ji. Mu kuma Allah ya hore mana murya.

Abinci: ku yanka naman tun ranar Alhamis, ku cuɗe shi da mai da albasa da yaji, ku sa a firiza ya daskare. Shi zai zama ƙanƙarar kular, kafin dare ya saki daidai gashi. Ina fata dai ka taho da yajin ƙuli daga gida, don shi ba a hana shiga da shi. Kilishi da dambun nama ne ba a yarda ba, ni an taɓa karɓe min kilishi cikin kwali guda a filin jirgi ina ji ina gani, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ku riƙi garin rogo da sukari da gyaɗa saboda ko wuta ta ƙi kamawa. Buta kuma kowa ya san ba a barinta.

Amma tambaya gare ni. Ku maza shida za ku tafi shan iska, ita matar ƙanen naka da ta gama karatu da yara biyu a hannu, wa ya kai ta ko'ina? Bikin nata ne fa ya kawo ka.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Hajiya, wallahi kin kama ni, ban da amsa. Zan yi wa ƙanena magana. Injiniya, na tambaya, ɗan Maraɗi ya kama wuri tun watan jiya. Malam, Allah ya ƙara ilimi, na ɗauki hoton jadawalin. Baba, a yi min addu'a kawai.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Jama'a mun dawo, kuma alƙawari kaya ne, ga yadda aka yi.

Mun yi Juma'a a babban masallacin Gilasgo na bakin kogin Clyde, muka biya Pollokshields wajen mahautan Pakistan muka ƙaro kaji, don ɗan Fagge ya ce naman da aka daskarar ba zai kai mu ko'ina ba. Mota biyu. Ƙanena ko fita gari ba mu yi ba ya yi barci a kujerar baya, bakinsa a buɗe, daga aiki ya wuce masallaci. Ta Drymen muka bi muka sauka Balmaha, daga nan hanya ta tsuke ta bi gefen ruwa. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Ko Falgore a tsakiyar damina ba ta kai ba.

Injiniya, ka yafe ni. Duk abin da ka faɗa na karanta sau biyu, amma da muka isa aka ce babban yaya ya zaɓi wuri, sai jinin Kano ya motsa. Na hango wata bishiya mai faɗi a ɗan kwari, ba iska ko kaɗan, na ce ga inuwa nan. Shekara arba'in ina neman inuwa, ba a rana ɗaya zan daina ba. Muka kafa tantuna uku a ƙarƙashinta. An manta guduma, da dutse muka buga turakun, Basudanen nan ya daki yatsansa ya yi ta salati da Larabci.

Har wajen tara lafiya lau. Gawayi ya kama, ɗan Maraɗi ya karɓi gashi ya ce mu Kanawa ba mu iya ba, mun cika ƙona nama. Ya jera shayi irin nasu a ƙaramar buta, yana ɗaga hannu sama yana zubawa har kumfa ta tashi. Muka tayar da magariba goma saura, ɗan Jos ya shiga gaba. Ana kabbara suka sauko. Wallahi da farko na ɗauka yayyafi ne a fuskata. Kafin a gama Fatiha sun cika min kunne da gira da cikin hula, ga hannu ba halin kaɗawa. Liman da ya saba ja mana dogayen surori a gida, ranar Inna a'aɗaina ya karanta, raka'a ta biyu Ƙul huwallahu, ruku'u da sujada kamar ana binsa. Ana sallama ba wanda ya tsaya addu'a, kowa ya yi kan jakarsa yana neman raga. Haka muka zauna mu shida da raga a ka kamar masu cire zuma, kowa in zai kai tsoka baki sai ya ɗaga ragar ya cusa ya saki da sauri.

Wasu tsofaffi mata da miji da suka kafa nasu tantin can kan tsakuwa a fili suna kallonmu suna dariya. Mijin ya zo ya ce mu matso inda iska take. Da taimakonsa muka tumɓuke tantunan muka ɗauke su ɗungurungum zuwa bakin ruwa, sha ɗaya saura amma ana ganin komai ba tocila. Muka ba shi tsire. Ya ci ɗaya, fuskarsa ta yi ja kamar gauta, hawaye na zuba, ya miƙo hannu a ƙara masa. Sauran yajin da na zo da shi a kwalbar Bournvita shi na bar wa.

Daren farko ban yi barcin kirki ba. Katifar robar ta sace, na farka ƙashin bayana a kan dutse, ga sanyi ta ƙasa kamar yadda aka faɗa. Amma da na fito alwalar asuba na ga abin da ban da bakin faɗarsa: hazo ya kwanta a kan ruwan, tsibiran sun fito ta cikinsa kamar an ɗora su a kan auduga, ba motsin komai sai wani tsuntsu can nesa. Ruwan butar kuwa da ya taɓa min hannu sai da na ce wash.

Ranar Asabar Hajiya Maman Biyu ta yi nasara. Matar ƙanena da matar ɗan Jos suka zo da yara a jirgin ƙasa zuwa Balloch da ke kudancin tafkin, aka je aka ɗauko su, da tukunyar dafa-duka naɗe a tawul tana tururi. Muka hau wani tudu da ke bayan Balmaha, Conic Hill, mita 361. Na ce ai wanda ya saba hawa Dala wannan wasa ne. Sau huɗu ina zama. Wata tsohuwa da sanduna biyu ta wuce ni, ta dawo ta same ni ban ƙarasa ba. Daga sama tsibiran sun jeru a layi ɗaya kamar an ja zare, ɗan Jos da ya karanci duwatsu ya ce tsagin ƙasa ne ya bi ta nan, shi ya raba tsaunukan arewa da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar kudu. Muka ga shanun nan masu gashi. Ɗan Maraɗi ya tsaya ya daɗe yana kallon wata, ya ce da Bafulatani zai ga wannan da sai ya nemi almakashi.

Da yamma aka mayar da mata da yara tasha. Daren nan iska ta taso, mij ko ɗaya. Aka yi hira irin wadda na yi kewa: kuɗin haya, wanda ya yi aure, wanda ya saki, Pillars, canjin fam, yadda Basudanen nan ya fitar da mahaifiyarsa daga Khartum zuwa Masar da yaƙi ya ɓarke a 2023. Ɗaya bayan ɗaya suka shige tanti, aka bar ni da ƙanena da sauran garwashi.

A nan zan faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinmu, ƙanena bai zo jana'iza ba, bai zo zaman makoki ba. Na san dalili, takardunsa suna hannun hukuma a lokacin, amma sanin dalili daban, abin da ke rai daban. Ban taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai taɓa tayarwa ba. A waya iyakarmu ya gida ya yara, an turo kaza, a ba wane kaza. Kwana goma sha takwas ina gidansa ma ba mu zauna minti talatin mu biyu ba.

Yana tona garwashi da tsinken tsire, bai kalle ni ba, ya ce, "Yaya, wa ya yi wa Baba wanka?" Na faɗa masa. Ya ce wa ya ja sallah, na faɗa. Ya ce ta wace ƙofa aka shiga da shi maƙabarta, kabarin yana kusa da na Inna ko nesa, an samu mutane? Haka ya yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya, ina ba shi amsa, har wanda ya riƙe makara ta gaba da irin ƙasar da aka tarar. Sai ya ba ni labarin wani tsoho da yake kula da shi a wajen aiki, wanda ya cika da asuba hannunsa cikin nasa, 'ya'yansa suna wani gari ba su iso ba. Ya ce shi ya rufe masa ido, ya gyara masa kwanciya, yana yi yana tunanin wa ya yi wa namu. Muka yi shiru. Can sama ta gefen arewa har lokacin da sauran haske, ɗaya ta wuce. Muka yi wa Baba addu'a, muka zauna har lokacin asuba ya shiga a jadawalin Malam, muka tashi sauran.

Ranar Lahadi ruwa ya sauko tun safe, muka naɗe tantuna a jiƙe, muka tsince ko ɓawon albasa. Fuskata da wuyana duk ƙuraje, matar ƙanena ta ce kamar mai ƙyanda. Kaska ɗaya na samu a bayan gwiwa, ƙanena ya cire ta da ɗan ƙarfen da ake cirewa, ya ce in sa ido ko wurin zai yi jan zobe. Butata kuma na manto ta a kan wani dutse a bakin ruwa, shuɗiya ce mai murfi ja, daga Kurmi na saye ta.

Injiniyan Abadin:

Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Batun kaskar kada ka yi wasa, jan zoben yana iya ɗaukar makonni kafin ya fito, lokacin ka riga ka koma Kano. In ka gan shi ko ka ji zazzaɓi, ka faɗa wa likita cewa kaska ta cije ka a Sikotlan, kada a tsaya ba ka maganin maleriya kawai. Inuwa kuwa na yafe, ni ma haka na yi zuwan farko.

Baba Mai Goro:

Allahu akbar. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya haɗa kanku. Ka gaishe min da ƙanen naka.

Amma ni har yanzu ban ga dalilin biyan kuɗi a kwana a ƙasa ba. In za ka taho ka sayo min ragar kan nan guda biyu, sauron unguwarmu ya fi ƙarfin maganin coil ɗin da nake kunnawa. Buta kuma in ka iso ka zo ka karɓi ɗaya, ina da uku.